Kyamarorin gonata suna ɗaukewa da daddare, wayar ta wuce mita 100. Mene ne mafita?

Mai_Kaji_Gezawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawarar masu sana'ar haɗa kyamarorin tsaro nake nema, don abin ya fara cin kuɗi ban ga amfaninsa ba.

Ina da gonar kaji a hanyar Gezawa. Filin dogo ne siriri, ofis yana bakin titi, sauran gine-ginen sun miƙe zuwa ciki ɗaya bayan ɗaya. Bayan Babbar Sallah aka fasa ɗakin ajiyar abinci aka kwashe buhunan masara da na waken suya, mai gadi kuma ya rantse bai ji motsin kowa ba. Shi ne na sayi NVR, wato na'urar da ke naɗar hoton kyamarori, mai tashoshi takwas, irin wanda ke ba kyamara wuta ta cikin wayar, da kyamarori huɗu masu 4MP, da kwali biyu na wayar Cat6, kowane kwali mita 305.

Ga yadda nisan yake daga ofis. Ƙofar shiga mita 40, ɗakin 'yan tsaki mita 85, ɗakin masu ƙwai mita 160, sai ɗakin ajiya da ke kusa da rijiyar burtsatse, shi kuma mita 310. Biyun farko ba su da matsala ko kaɗan, hoto tas dare da rana. Ta ɗakin masu ƙwai tana aiki da rana, amma da an idar da magariba sai ta fara ɗaukewa tana dawowa, wani lokaci ta tafi sai gari ya waye. Ta ɗakin ajiya kuwa, wadda saboda ita na yi duk wannan ɗawainiyar, tun da aka ɗaura ta ba ta taɓa kawo hoto ba. Kwali guda bai kai can ba, sai yaron da ya yi aikin ya ƙara guntu ya murɗa wayoyin ya naɗe da baƙin tef. Wayar duk a kan katanga aka bi da ita da ƙusa.

Yanzu yaron ya ce a mayar da na nesan zuwa kyamarar analog a sa musu balun, wai ita ba ruwanta da nisa. Wani abokina ya ce a'a, in sayi eriyar wayales. Ni dai kaji na sani. Wanne ne zai ɗore, ba wanda zan sake tono kuɗi a kansa bayan damina ba?

Usta_Wayarin_Kaduna:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri kan asarar da aka yi.

Abin da ya faru ba wani aljani ba ne. Ƙa'idar wayar Cat5e da Cat6 mita 100 ce daga na'ura zuwa na'ura, kuma a cikin ɗarin ma mita 90 ne aka ware wa wayar da aka shimfiɗa, goman na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin nan da bakin can ne. Cat6 ba ta fi Cat5e nisa ba, gudu kawai ta fi ta ɗauka. Mutane da yawa suna sayen Cat6 da tunanin za ta kai su nesa, ba ta kaiwa. Waya mai kyau takan yi haƙuri ta wuce ɗarin da kaɗan, amma wannan kyauta ce, ba a gina aiki a kanta.

Kafin ka sayi komai, yi abu biyu da ba za su ci maka ko sisi ba.

Na farko, yanko guntun wayar nan, ka feɗe ɗaya daga cikin sirara takwas da ke ciki, ka kankare ta da reza. In ka ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, to alminiyam ce aka yi wa fentin kofa, wato jan ƙarfe, ita ake kira CCA. Ko ka kunna mata ashana: kofa zalla za ta yi ja ta tsaya a miƙe, alminiyam kuwa nan take za ta lanƙwashe ta zube. Ko a hannu ma ana ganewa, kwalin CCA ba shi da nauyi. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da kofa ke ɗauka na wuta take ɗauka, sannan masu yin ta sukan rage mata kauri. Ga saurin karyewa a wurin da aka matse kai.

Na biyu, in dare ya yi ka je ka tsaya a gaban kyamarar ɗakin masu ƙwai, ka sa yaro ya zauna a ofis kuna waya. Kyamarar tana da 'yan fitilun ganin dare da suke yin ja-ja. Lokacin da ya ce maka hoto ya ɗauke, duba fitilun. In sun mutu sun sake kamawa, wuta ce ba ta isa, domin da duhu ya yi fitilun nan suka kunna cin wutar kyamarar yakan yi tsalle, sai ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. In kuwa fitilun suna nan daram amma hoto ya daskare, to saƙon ne ba ya isowa. Hoton dare yana da ƙura-ƙura, wannan ƙurar tana ƙara nauyin bidiyon, wayar da take lallaɓawa da rana sai ta kasa da daddare. Sau da yawa biyun ne suke haɗuwa.

Sannan shiga saitin NVR ɗin, wajen PoE, wato tsarin ba kyamara wuta ta cikin wayar network. Da yawa daga cikin na Hikvision da Dahua suna da zaɓin nisa mai tsawo ga kowace tasha. In ka kunna shi, tashar tana sauka daga megabit 100 zuwa 10, sai ta iya kaiwa wajen mita 250 a kan kofa zalla. Kada goman ta tsorata ka, kyamarar 4MP da aka saita a H.265, tsarin matse bidiyo, megabit huɗu zuwa shida take ci. Wannan kaɗai yana iya gyara ta mita 160. Ta mita 310 ba zai kai ta ba, balle da murɗin tef a tsakiya. Wayar network ba a murɗa ta kamar ta ƙwan fitila. Kowane tagwaye biyu an nannaɗe su da lissafi ne don su kashe hayaniyar da ke shiga, da ka warware su ka ɓata lissafin.

ɗan_Maraɗi_CCTV:

Salamu alaikum. Baba Alhaji, ni ina ganin yaron naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mu a nan yawancin aikin da muke yi a gidajen mai da shagunan hatsi analog ne, TVI ko AHD ko CVI, kuma da wayar network muke ja. Balun ɗan abu ne kamar ɗan yatsa, ɗaya a bayan kyamara ɗaya a bayan DVR, wato na'urar naɗar hoton analog, shi ke daidaita om 75 na bakin kyamara da om 100 na wayar. Tagwaye guda kawai hoto ke bi. Kenan waya ɗaya mai tagwaye huɗu tana iya ɗauko kyamara huɗu in wutarsu daban take. Na ja 2MP wajen mita 200 da balun marar wuta hoto ya fito lafiya. In an wuce haka launi ya fara wankewa, gefen abubuwa ya yi inuwa, amma ba ya ɗaukewa ɗif kamar na IP, wato irin kyamarorin network da ka saya. Wannan shi ne daɗin analog, a hankali yake lalacewa, ko ya yi dishi-dishi kana ganin mutum.

Inda take ba da wahala wuta ce. Bolt 12 ba ta tafiya nesa. Amma ai ka ce akwai burtsatse a wurin, in da wuta a can sai a jona mata adafta a nan kusa, magana ta ƙare.

Injiniya_Hajiya_Abuja:

Assalamu alaikum. Alhaji, da izinin Usta da ƙanena na Maraɗi, zan ɗan saɓa.

Maganar analog a ajiye ta. Ba don ba ta aiki ba, sai don NVR ka riga ka saya, shi kuwa ba ya karɓar kyamarar analog. Sai ka sayi DVR daban, ka sayi wata kyamarar, ka zauna da na'ura biyu a ofis da manhaja biyu a waya. Sannan a mita 310 da balun marar wuta, hoton da za ka samu na "ga mutum can ya wuce" ne. Kai kuwa fuska kake so, wadda za ka nuna wa mai unguwa ko 'yan sanda su ce wane ne.

Bari in nuna lissafin wutar don a ga dalilin da ya sa bolt 12 ke mutuwa a hanya. Siririyar waya mai lamba 24, irin ta cikin Cat5e, tana da turjiya kusan om 84 a kowace kilomita, in kofa ce zalla. A mita 310, zuwa da dawowa, tagwaye guda ya ba ka om 52. Ko ka haɗe tagwaye ukun da suka rage wuri ɗaya, om 17 ne. Kyamarar da ke jan rabin amfiya da daddare za ta zubar da fiye da bolt 8 a hanya, abin da zai isa gare ta bai kai huɗu ba. Shi ya sa PoE ke aiki da wajen bolt 48: wat ɗin da kyamara ke buƙata ɗaya ne, amma amfiyar da ke bin wayar ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, asarar hanya ta ragu da ita. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana fitar da wat 15.4, ta 802.3at ta 2009 tana fitar da 30, duk a kan mita 100 aka auna su.

Amma abin da ya fi damuna ba nisan ba ne. Ka ce wayar a kan katanga take, a fili, mita ɗari uku. Kana neman abin da zai wuce damina. Ba sai tsawa ta faɗo a kan wayar ba, in ta sauka a gonar maƙwabci ma doguwar wayar ƙarfe tana kwasar abin da ya isa ya ƙone tashar NVR, wani lokaci ya tafi da allon gaba ɗaya. Na ga haka a wuraren aiki ba sau ɗaya ba, daga Yuni zuwa Satumba. Ƙari kan haka, in ginin can yana da tasa wutar daban, wayar ƙasa (earth) ta wutar ginin nan da ta can ba lallai su daidaita ba, bambancin sai ya bi ta wayarka.

Tsakanin gini da gini faiba ake sawa. Gilashi ce, haske ke bi ta ciki, ba ta ɗaukar wuta, ba ruwanta da tsawa, ba ruwanta da hayaniyar famfon burtsatse. Mutane suna jin sunan su ɗauka ta manyan kamfanoni ce. Siririyar baƙar faiba da masu intanet ke ja wa gidaje, sau da yawa mitarta ba ta kai tsadar Cat6 ta kofa zalla ba. Abin da za ka ƙara shi ne 'yan akwatuna biyu masu juya saƙon waya zuwa haske, masu shago na ce musu midiya kwambata. Na singil mod, waɗanda aka rubuta wa kilomita 20, su suka fi yawa a kasuwa. In masu bakin faiba guda ne, a tabbata an ba ka A da B, domin ɗaya yana aikawa da haske mai lamba 1310 yana karɓar mai lamba 1550, ɗayan kuma akasin haka. In ka ɗauko A biyu ba za su taɓa gaisawa ba.

Ka nemi faibar da ba ta da ƙarfe a jikinta. Wata tana zuwa da wayar ƙarfe ta ratayewa, in ita ka samu kada a shigo da ƙarfen cikin ofis, a yanke shi a waje a haɗa shi da sandar ƙasa. Kuma a gaya wa yara kada kowa ya leƙa bakin faiba da ido in an kunna, hasken ba ya ganuwa amma yana illa.

Mai_Kaji_Gezawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Usta, na kankare wayar. Fara ce sol a ciki, ashana kuwa ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba ta narke. A jikin kwalin an rubuta Cat6 da manyan baƙaƙe, CCA ɗin kuma can ƙasa da ƙanana, sai da na sa tabarau. Araha ba ta ado.

Jiya na tsaya gaban kyamarar kamar yadda ka ce. Fitilun suna mutuwa suna dawowa, har da wani ɗan ƙaran "ƙyas" da take yi duk lokacin da ta tashi. Na kunna zaɓin nisan a tashar, ɗaukewar ta ragu amma ba ta daina ba.

Hajiya, maganarki ta shige ni, don bara tsawa ta kashe min imbata a gidan nan. Sai dai ga matsala. Wutar da ke burtsatse sola ce ta famfo kawai, babu batir, rana na faɗuwa ta tafi. Faiba kuma kin ce ba ta ɗaukar wuta. To me kyamarar za ta ci da daddare? Sannan wa zai haɗa min bakin faibar? Yaron nawa ya ce bai taɓa yi ba. Ita eriyar da abokina ya ce fa, ba ta fi sauƙi ba tunda ba tono?

Usta_Wayarin_Kaduna:

Ƙaran da ka ji madubin tace haske ne da ke cikin kyamarar, yana motsawa in ta koma yanayin dare. Tunda kana jin sa a kai a kai, tashi take yi daga farko. Wuta ce. Canza wayar mita 160 ɗin zuwa kofa zalla, ta waje mai baƙar riga, ka bar zaɓin nisan a kunne. Mai ruwan tokar nan ta cikin ɗaki ce, ranar Kano za ta farfasa rigarta, ruwa ya shiga. A sa ta cikin bututun roba a binne, kuma a sa mata abin kare tsawa a baki biyun, a haɗa shi da sandar ƙasa ta gaske, in ba haka ba ado ne kawai.

Wani abu da masu aikin gari ba sa lura da shi: iskar ɗakin kaji. Warin kashin nan ammoniya ce, tana cin kofa, kan RJ45, wato kan wayar da ake sokawa a kyamara, sai ya yi kore cikin 'yan watanni. Kada a bar mahaɗar a buɗe a cikin ɗakin. Kyamarar tana zuwa da wani murfin roba mai zare na rufe kan wayar, yawancin yara jefar da shi suke yi da kwali. A nemo shi a sa, a kuma sa mahaɗar cikin akwati mai rufi a bangon waje.

Eriya tana aiki, ina sa ta. NanoStation na Ubiquiti ko CPE510 na TP-Link, mita 310 wasa ne a wurinsu. Sharaɗin shi ne su ga juna ido da ido, ba rufin kwano ba bishiya a tsakani. Kai kuma ka ce gine-ginenka a jere suke, kenan rufin ɗakunan kaji biyu na kan hanya, sai ka kafa dogayen sanduna. In akwai darbejiya ko mangwaro a layin, abin da ya yi aiki da rani yana iya tsayawa in ganye ya cika ya jiƙe. Kuma ita ma eriyar wuta take ci a can ɗin, ba ta raba ka da sayen batir ba. Dogon ƙarfe a fili da damina, ka san abin da yake kira. A wurinka ina bayan Hajiya.

Injiniya_Hajiya_Abuja:

Alhaji, kowace hanya ka bi sai ka yi wa wurin 'yar ƙaramar solarsa, kada ka taɓa ta famfon. Ga lissafin. Kyamara da fitilunta a ce wat 8, kwambata a ce wat 4, a ƙara ɗan rara a ce 15 gaba ɗaya. A awa 24 ya zama wat-awa 360. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe 1,200, in na dalma ne rabi ake ci don ya yi ƙarko, saura 600. Ya ishe ka kwana da yini da ɗan ragi. Faranti mai wat 150 zai cika shi a rana mai kyau. Ni zan ce ka sa 200 saboda hadarin Agusta da hazon hunturu, kuma a riƙa goge masa ƙura. Yawancin kyamarorin IP suna da bakin bolt 12 ban da PoE, duba takardar taka ka ga iyakar abin da take jurewa, domin batir yana hawa sama da 14 in yana caji. In za ka ƙara kyamara ta biyu a wurin, wanda nake ba ka shawara, ɗaya ta kalli ƙofar ɗakin ɗaya ta kalli akwatin batirin, to akwai ƙananan suwic na PoE da ke karɓar bolt 12 su ɗaga shi zuwa 48, wasu ma da ramin faiba a jikinsu, ka huta da kwambata guda. Sai a sake lissafin da wat ɗin da ya ƙaru.

Haɗa baki ba abin damuwa ba ne. Masu ja wa kamfanonin intanet waya a Kano suna yawo da injin haɗa faiba, baki biyu ko huɗu aikin ƙasa da awa ne. Ka sayi mai zare biyu ko huɗu ko da guda za ka yi amfani da shi, a haɗa duka, ranar da ɗaya ya samu matsala ka sauya. Ko ka sayi wadda aka riga aka sa wa kai daga masana'anta, mita 350, ragowar a naɗe ta da faɗi a cikin akwati. Kada a lanƙwasa ta kamar wayar wuta a kusurwa, kada a buga mata ƙusa. Wajen binnewa a bi gindin katanga inda garma ba ta zuwa, a zurfafa kamar rabin mita, cikin bututu, a toshe bakin bututun saboda ɓera da gara. A bar igiya a ciki don jan wata nan gaba.

ɗan_Maraɗi_CCTV:

To Hajiya ta gama magana, na janye balun ɗina. Abu ɗaya zan ƙara don kada yaron ya rikice ranar haɗawa. Tashoshin PoE na bayan NVR suna da nasu jerin adireshin daban, a Hikvision yawanci 192.168.254 ne, kuma kowace tasha kyamara ɗaya take tsammani. In kyamara biyu za su taho ta faiba guda, a jona kwambatan ofis a rauta ko suwic ɗin da bakin LAN na NVR yake, a ba kowace kyamara adireshinta na dindindin a jerin rautar, sannan a shiga tashar da babu kowa a mayar da ita ta hannu a rubuta adireshin da kalmar sirri. A gwada duka a kan tebur a ofis, faibar na naɗe, kafin a tona ko taku ɗaya.

Wayar CCA da za ka cire kuma kada ka zubar, Baba. A yanka ta gajeru a yi wa kwamfuta da firinta a ofis, a nan ba za ta ba ka matsala ba, in dai ba wuta za ta ɗauka ba. Ta ƙofa da ta 'yan tsaki tunda suna aiki a bar su zuwa lokacin da rana za ta cinye rigar, sai a canza su da ta kofa.